Shafin da Aka Yanke Daga Littafin Baba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tantance Takardun Ma'aikata,
wanda a gida muke kira Yaya Bulus.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kiristi. Ina fata kana lafiya, da maiɗakinka da yara, da kuma aikin da aka ɗora maka. Ni ce ƙanwarka Rifkatu, malamar firamare da ta yi ritaya bara, nake rubuto maka daga Kafanchan.

Na san za ka ce me ya fito da maganar gida fili a buɗaɗɗiyar wasiƙa. To, sau uku na hau mota zuwa ofishinka. Na farko aka ce kana taro, na biyu aka ce ka fita, na uku ina kallon motarka a gindin mangwaro aka ce ka yi tafiya. Na kira waya, ba ka ɗauka. Na aiki Kawu Yohanna, ka cika shi da lemo da fara'a, ya dawo yana yabonka, maganar kuwa ko taɓa ta bai yi ba. Duk da haka ban rubuta sunan ofishin ba, ban kuma rubuta sunan gidanmu ba. Wannan rufin asirin na bar maka shi ne don nono ɗaya muka sha.

Ga waɗanda ba su san gidanmu ba, marigayi Baba mai bishara ne a ƙauye. Bai bar mana gidan bulo ba. Abin da ya bari gonar citta ce da Littafi Mai Tsarki mai baƙin bango. A shafin farko na Littafin, duk ɗan da aka haifa masa sai ya rubuta sunansa da ranar haihuwarsa da hannunsa. Mu huɗu ne: kai, sai ni, sai Ishaya wanda kyanda ta ɗauke yana shekara biyu, sai autarmu Hannatu. Kowace ranar Kirsimeti, bayan an taso daga sujada, kafin a buɗe tukunyar shinkafa, Mama kan sa a karanta shafin nan. Ba ta iya karatu ba, yanzu kuma idonta ya yi rauni, don haka ni nake riƙe yatsanta in ɗora a kan kowane suna, ita kuma ta yi wa mai sunan addu'a da yarenmu. Ishaya ba shi da hoto. Kabarinsa ma ya daɗe da ɓacewa a cikin gonar wani. Layin nan guda da Baba ya rubuta, shi kaɗai ya rage mata.

Yanzu ga ƙorafina.

Na ɗaya. A watan Nuwamba ka zo gida ka ce wa Mama bangon Littafin ya lalace, za ka kai a ɗinke shi a gari. Ta yi ta murna, har ta gaya wa matan Zumunta na coci cewa ɗanta babban mutum bai manta da littafin ubansa ba. Bayan sati biyu ka aiko da shi, sabon bango, har da zif. Ni ma na yaba. Ban buɗe ba sai ranar Kirsimeti, kuma da na buɗe, shafin farko babu shi. Ba yagewa ya yi ba, Yaya. Reza aka sa, aka bi layi tsaf, aikin mai natsuwa.

Na biyu. Ban sha wahalar gane dalili ba. Tun damina Hannatu ta nuna mini hoto a wayarta: ma'aikatanka sun yi maka bikin zagayowar ranar haihuwa, ga kek, ga ka da babbar riga kana riƙe da wuƙa. Muka yi dariya, don mu dai mun san da rani aka haife ka, Mama ta sha ba mu labarin yadda rijiya ta ƙafe a satin. Sai na dubi ranar da shekarun da aka rubuta a kan kek ɗin, na daina dariya. Ranar Ishaya ce, da watansa, da shekararsa. Ka girme ni da shekara uku, na girmi Ishaya da biyu. Ke nan a takarda ka zubar da shekara biyar, ka koma ƙanena. Kai da ka goya ni muka ƙetare rafi zuwa makaranta! Ni na cika lokacina na ajiye alli, kai kuma kana nan daram a kujera, yaro sabon jini. Da shekarun ka ƙirƙira kawai, da na ce halin zamani ne, in yi maka tsiya in bar ka da Allah. Amma ka rasa ranar da za ka ɗauka duk cikin kalanda sai ta yaron da ba zai iya buɗe baki ya ce tasa ce ba.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sukuni. A ranar Kirsimetin nan kana zaune a tsakar gida, a kujerar Baba. Mama ta miƙo mini hannu ta ce da irin Hausarta, "Rifkatu, ka karanta mani yara na." Na dube ka, ka sunkuyar da kai kana latsa waya. Jikoki suna jira, nama yana hucewa. Ban iya gaya mata ba. Shafin da ya biyo baya jerin sunayen littattafai ne, sai na kama yatsanta na ɗora a kan Farawa na ce Bulus, na ɗora a kan Fitowa na ce Rifkatu, na karanto ranakun da ka. Da na zo Ishaya, yatsanta yana kan Littafin Firistoci. Ta shafa wurin a hankali kamar mai shafa kan jariri, ta yi hawaye, ta ce, "Hannun babanku kenan, har yanzu ina jin shi." Da ta gama addu'a, "Amin" ɗin da ka ce ta fi ta kowa ƙarfi.

Shekara talatin da ɗoriya ina tsare yaran mutane a aji a kan ƙarya, ga shi na yi wa uwata ƙarya a ranar haihuwar Almasihu, da Littafi Mai Tsarki a cinyata. Laifina ne, ban ɗora wa kowa ba, na kuma roƙi Ubangiji gafara. Amma kai ka haƙa ramin, kana kuma kallo na faɗa. Na ji haushinka, na ji kunyar kaina, kuma har yau idan Mama ta sa mini albarka sai in kau da kai.

Na huɗu. Wannan ne ya mai da maganar ta jama'a. Kwamitinka ya sallami Malama Kande, abokiyar aikina da ke koyarwa wajen garin Gidan Waya, saboda bambancin shekara ɗaya tsakanin takardar firamarenta da ta ɗaukar aiki. Kuskuren wani hedimasta ne da ya daɗe da rasuwa. Ta zo gidana da takardar sallamar, na ga sa hannunka, irin wanda Baba ya koya mana, mai doguwar jela. Ta ce mini, "Sista, ki roƙa mani yayanki, ni ban taɓa canja komai ba." Na ba ta ruwa ta sha. Ita shekara ɗaya ta kuskuren wani, kai shekara biyar da gangan, kuma kai ne alƙali.

Ka tuna shekarar da Baba ya sayar da citta, mai saye ya tafi da buhu guda da aka ce busasshe ne alhali da sauran danshi a ƙasansa? Kai ya ɗora a keke kuka bi mutumin har kasuwa don a gaya masa. Kai ka ba ni labarin, kana alfahari. Baban nan ne ya rubuta shafin da ka yanke.

Abin da nake roƙo bai da yawa. Ka dawo da shafin Baba. Idan ka ƙone shi, ka zo da biro ka rubuta sunayenmu huɗu da ranakun gaskiya da hannunka, a gaban Mama, ka gaya mata dalili da bakinka. Ka sake duba maganar Malama Kande da irin sauƙin da ka yi wa kanka. Batun kujerarka kuwa, ban kai ƙara ko'ina ba, na bar ka da lamirinka, amma ka saki ranar Ishaya.

Za mu taru a gida ranar Ista kamar yadda muka saba. Ka sani, ko ka zo ko ba ka zo ba, a ranar zan durƙusa gaban Mama in gaya mata inda na ɗora yatsanta. Na fi so kana gefena, mu durƙusa tare. Ba zan sake karanta mata 'ya'yanta da ka ba.

Ina roƙon Ubangiji ya ba ka lafiya da tsawon rai, shekarunka na gaskiya su yi albarka, ya kuma ba ka ƙarfin halin da za ka hau mota ka taho gida. Idan ranar haihuwar taka ce ta shige maka, kada ka damu, ni da Mama muna riƙe da ita.

Wassalam.

Ƙanwarka a gida, yayarka a takarda,
Rifkatu
Kafanchan