Kabarin Baturen Kuza

Mama,

Ina gaishe ku duka. Yaya jikin Kaka? Ni lafiya lau, sai dai gajiyar yawon maƙabartu bayan lacca.

Na samo mahaifin Kaka kamar yadda ta roƙe ni, Baturen nan Ashcombe da ya bar haƙar kuza a Jos ya taho Malesiya. Ashe sunan na wani ƙauye ne a Ingila. Kabarinsa yana nan Cheras. An rubuta sunan matarsa da na 'ya'ya uku a kai, babu na Kaka.

Na tsaya na gaya masa sunanta, na ce har yau sunansa take amsawa.

Ki ce mata na same shi. Sauran, Mama, na bar miki. Allah ya ba ta lafiya.

'Yarki,
Kindness