Fim ɗin da ke Cikin Kyamarar Baba

Zuwa ga Kawu,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya. Mama ma tana gaisuwa.

Kawu, tambaya gare ni. Muna gyaran ɗakin ajiya na tsinci tsohuwar kyamarar marigayi Baba a bayan keken ɗinki, da fim a cikinta. Yaya ta kai hannu za ta buɗe, na riƙe ta, don ka taɓa cewa haske yana kashe fim. A nan babu mai wanke irinsa yanzu. Ka san hoton Baba ɗaya ne a gidan nan, na katin aikinsa, shi ma hatimi ya cinye rabin fuskar. Ni kuma ban tuna kamanninsa ba.

Tunda zan zo hutu, in taho maka da shi? Malaminmu na kimiyya ya ce na'urar binciken kaya ta filin jirgi tana ɓata fim. Ta yaya abin da bai taɓa shi ba zai ɓata shi? Mama dai ta naɗe kyamarar a zani, ta sa a gwangwani, ta tura ƙasan babban akwati.

Ka huta lafiya.
'Yarka

Ke Shiru-shiru,

Na amsa gaisuwa. Uwarki tun muna yara ko allura ce sai ta yi mata ƙulli uku. Ki tono shi! Na'urar nan wani haske take harbawa, ido ba ya ganinsa, amma yana ratsa zani da akwati, fim kuwa yana jin sa. Ta manyan akwatuna ta fi zafi. In ma'aikatan wurin suka ga gwangwani kuma, sai su sake turawa ciki.

Danna ɗan maɓallin da ke ƙasan kyamarar, ki juya hannun da ke sama har ki ji ya saki, sannan ki buɗe. Ki sa fim ɗin a farar leda, ki riƙe a hannu, ki roƙi ma'aikatan su duba shi da hannu. Wato sai kin buɗe baki, da murya, ba irin ta gaishe da baƙi ba. Wannan kam ba zan iya yi miki daga nan ba.

Kawunki

Mama,

Na iso lafiya, ina gaishe ku duka.

A layin binciken kaya na yi ta maimaita maganar a zuciya, amma da aka zo kaina sai ta maƙale. Na tsaya da leda a hannu kamar mai talla. Wata ma'aikaciya ta ce, "'Yammata, ajiye a tire mana, kin tare hanya." Har ta ɗauka ta ajiye, tiren ya fara tafiya. Ban san lokacin da na ce "Babana ne a ciki!" ba. Mama, kowa ya waiwayo. Ta cafko ledar, ta ce, "To ai sai ki faɗa tun ɗazu." Ta goge shi da ɗan ƙyalle, ta duba, ta miƙo mini. Ta ce in ya fito kyakkyawa ne in gaishe shi. Ban gaya mata ba.

Gobe Kawu zai wanke.

'Yarki

Mama,

Gaisuwa. Hotunan sun fito, sai dai sun koɗe. Ke ce a yawancinsu, kina kare fuska da hannu. Akwai Yaya babu haƙoran gaba. Baba ba ya ciki, tunda shi ke ɗauka. Na rasa yadda ban yi wannan tunanin ba.

Sai na ƙarshe. A karkace yake, rabinsa rufin ɗaki ne. Ga Baba ya sunkuyo yana dariya, ya miƙo hannu biyu kamar mai tsoron kada abu ya faɗi. Kunnuwansa irin nawa ne. Kawu ya ce wanda ya ɗauki hoton nan bai kai tsawon tebur ba.

Mama, ni ce?

'Yarki