'Yata Ta Ƙwace Sandar Fatsata Saboda Hular Jallabiya

Zuwa ga Lalla Zhur,

Assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin ƙanƙarar kan duwatsu ta gama narkewa. In aka buɗe kamun kifi a kogin Gigu bana ba ni a bakin ruwa, ban san abin da ya saura mini ba. Na san masu rubuto miki da maganar aure da rabon gado suke zuwa. Ni tawa maganar aljihu ce, kuma kada ki yi dariya, an riga an yi mini ta ishe ni.

Tun gemuna yana baƙi nake fatsa da ƙudan ƙarya, irin wanda muke ɗaurawa da gashin wuyan zakara a jikin ƙugiya, a wurga shi ya sauka kan ruwa kamar ƙwaro ne ya faɗo. Kayan aikin ba nauyi gare su ba, yawa gare su: gwangwanin ƙudaje, siririn zare, almakashi, hantsakin cire ƙugiya, tabarau, ga gurasa da zaitun da ɗan ƙullin na'ana'a. Duk a hular da ke ɗinke a wuyan jallabiyata nake zuba su ta rataya a bayan wuya, yadda kowane dattijo a garinmu Azru ke zuba cefanensa ranar kasuwar Talata. Jallabiyar ta ulu ce mai kauri, matata Hadda, Allah ya ji ƙanta, ita ta saƙa mini. Nakan naɗe ƙasanta in ɗaure a ƙugu in shiga ruwa. Hannuna ya san hanya. In na miƙa baya, abin da nake so shi yake zuwa.

To bara, gab da rufe kamu, ina tsaye kan wani dutse mai gansakuka, ruwa har cinya, sai ga kifi yana tasowa a gabana, irin wanda in ka ba da labarinsa a ce ka ƙara gishiri. Ya ƙi ƙudan da na ɗaura. Na ce bari in sauya masa. Da yake kafaɗata ta dama ta daina kaiwa baya sosai, sai na maƙale sandar fatsa a hammata, na jingine sandar dogarawa da nake tokare ƙasan ruwa da ita a cikina, na kai hannu biyu baya. Daga nan ban san komai ba sai sanyi. Hular ta cika kamar guga, ulun ya sha ruwa ya koma nauyin tumakin da aka aske aka yi shi, yana ja na ta wuya. Abokina Bassu, wanda muke fatsa tare tun muna da gashi a ka, shi ya cafko ni, kuma da hular nan ya jawo ni gaɓa. Har yau a wurin shan shayi yana faɗa wa mutane wai bai taɓa kama kifi mai girmana ba, sai dai ba haƙora, kuma da ya kai kasuwa ba mai tayawa.

Labari ya kai wa 'yata Itto, ma'aikaciyar jinya ce a Miknas. Ta zo ba ta yi faɗa ba, ai gara faɗan. Ta ɗauki sandar fatsata ta sa a mota, ta ce ba zan sake ganinta ba sai na nuna mata inda zan riƙa zuba kaya, wanda ba bayan wuyana ba. Yarinyar da na koya wa tafiya!

Ta aiko mini da falmaran ta masu fatsa. Lalla, aljihu a gaba, aljihu a ciki, aljihu cikin aljihu. Na gwada ta a tsakar gida, na sa tabarau a wani, sai da na yi la'asar da magariba ina laluben ƙirjina ban same shi ba. Na duba madubi kuma na ga irin baƙin nan na Kasablanka da ke zuwa da kaya masu sheƙi su koma gida da hoto. Bassu ya ce in rataya jakar fata irin ta iyayenmu. Na rataya. Da na sunkuya sai ta lilo gaba, zaren ya naɗe ta. Jakar goyo sai an sauke ta, a tsakiyar kogi ina zan ajiye? Ta ƙugu kuma ruwa take sha.

Wani sa'in nakan ce a raina ai hular nan ce ta cece ni, da ba ita da me Bassu zai kama? Wani sa'in kuma in tuna yadda take ja na ƙasa. Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Na je bakin Gigu kwanan baya don in duba ruwa kawai, da na ji ƙararsa sai gwiwoyina suka kama rawa, har na zauna. Ina tsoron in sa falmaran, in rasa abu a tsakiyar ruwa, in rikice, in sake faɗuwa. Ina tsoron kuma in ƙi, sandata ta tsufa a bayan ƙofar wani ɗaki a Miknas. Itto za ta zo Juma'ar ƙarshe kafin buɗe kamu, da sandar a mota. Me zan nuna mata?

Naki,
Kifin Bassu, daga Azru


Ya ɗan'uwana Kifin Bassu,

Wa alaikumus salam. Ban yi dariya ba sai da na kai kan tabarau, ka yafe mini. Hular jallabiya na san darajarta. Mahaifina a ciki yake kawo ƙwai daga kasuwa, har ranar da ruwan sama ya tsuge ya manta ya kifa ta a ka. Bai daina sa jallabiya ba, ƙwai dai ya sauya wa wuri.

Kai da Itto kowa da gaskiyarsa. Hannun da ya san hanya abu ne babba, kuma mutumin da ke lalube a tsakiyar kogi yana cikin haɗari, ko me ya sa a jiki. Amma sake karanta wasiƙarka. Abin da ya kayar da kai sakin sandar dogarawa ne, abin da ya sa ka sake ta kuwa kayanka suna inda hannu ɗaya ba ya kaiwa. Kafaɗar nan ba za ta koma yarinya ba. Batun hular ta cece ka, wanda ya tura ka rijiya ba a yi masa godiya don ya miƙo igiya.

Saboda haka ma'auni ɗaya ne: duk abin da za ka ɗauka, hannu ɗaya ya kai gare shi, ɗayan yana kan sanda. Jakar fata da ta goyo da ta ƙugu ka riga ka kayar da su da kanka. Saura falmaran, kuma laifinta yawan aljihu ne. Zaɓi na ƙirji waɗanda hannunka ya fi so, ƙudaje a wannan, zare a wancan, almakashi da hantsaki a ɗaure da igiya, tabarau a wuya. Sauran ka sa a ɗinke bakinsu. Daga yau ka riƙa sa ta a tsakar gida, sanda a hannu, ido a rufe, kana ciro kaya kana mayarwa har hannun ya koyi sabuwar hanya. Wannan za ka nuna wa Itto ranar Juma'a. Duba bayan wuyan falmaran ɗin ma, yawanci akwai zoben rataya komar kwasar kifi. In ta kama a sake cafko ka, Bassu bai rasa mariƙi ba. Masu dariya kuwa, kifi ba ya duba madubi.

Maganar gwiwa, ka faɗa wa 'yarka. Mai jinya ce, ta fi amincewa da wanda ya ce yana tsoro fiye da mai cika baki. Ranar farko ka tsaya inda ruwa bai wuce ƙwauri ba, Bassu kusa da kai. In rawar ta zo, ka fito ka zauna, kogi ba ya gudu ya bar gari.

Jallabiyar Hadda kuma ka tafi da ita. Rataye ta a reshe a bakin gaɓa, gurasa da na'ana'a a hularta. In ka fito jikinka na ɓari, ka same ta a bushe ka shige ciki. Ina jin don wannan ta saƙa ta da kauri.

Allah ya mayar maka da sandarka, ya tsare ƙafarka a kan dutse, ya sa bana Bassu ya kama kifin da ake iya ci.

Lalla Zhur