Rumbun Iri da Sunan Malam Dabo

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ni, Abdussalam ɗan Malam Dabo na ƙasar Makoɗa, nake rubuta wannan da hannuna zuwa ga 'ya'yana, Mika'ilu da Tasi'u da Furera. Ƙafafuna sun gaza, amma hankalina bai gushe ba, kuma ba wanda ya tilasta ni.

Na ɗaya. Gida da gonaki ba ni da ta cewa a kansu, Allah ya riga ya raba. Ku kira liman ya zartar bisa shari'a. Littattafaina kuwa na bar su waƙafi ga makarantar zaure.

Na biyu. Tsohon rumbun da ke bayan gida ba za a rushe shi ba. Mika'ilu, na ji ka rantse sai ka sa masa gatari. Ka yi kaffara, ka ajiye gatarin. Kunyar da kake ji ba ta rumbun ba ce, ta jahilcinka ce da tarihin gidanku, don haka saurara.

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba, ina da shekara goma sha bakwai. Al'adar garin nan a lokacin ita ce, idan yunwa ta tunkaro, kowane magidanci ya kawo damin irinsa wurin malami, ya ɗaure shi da ƙullin kaba irin na gidansa, don yana tsoron hannunsa idan 'ya'yansa suka fara kuka. Sharaɗi ɗaya ne: kada a ba shi, ko ya zo yana birgima, sai ruwan shuka ya sauka. Kakanku ya karɓi wannan amana. Mutane suka zo, suka roƙa, suka zage shi, bai buɗe ba. Muka ci tafasa da dusa. Ƙanwata Asama'u ta rasu taku goma daga rumbu cike da gero, domin ko zangarniya ɗaya a ciki ba tamu ba ce. Da ruwa ya sauka, kowa ya kwance ƙullinsa ya yi shuka. Garin nan da kuke gani, daga rumbun nan ya sake tsirowa.

A tsakiyar wannan bala'i wani Bature marubuci daga ƙasar Ailan ya sauka a zaurenmu. Ba zan sa sunansa a takardar da na buɗe da sunan Allah ba. Ya ce kakanninsa ma sun san yunwa. Baba ya raba kunun dusarsa biyu ya ba shi rabi, har wata uku. Ya koma ƙasarsu ya rubuta littafi a kan wani malami azzalumi mai ɓoye hatsi yana jan carbi, jama'a na mutuwa a ƙofarsa. Aka mai da shi fim, duniya ta tafa, har yau ana yabonsa. Sunan Baba ma bai sauya ba! Ya ci abincin mutum, ya sayar da mutuncinsa. Kai kuma Tasi'u, kake yawo da wannan ƙazafi a waya kana nuna wa abokanka wai an san gidanku a Turai. Wallahi ranar da na ji, ban iya haɗiye tuwo ba.

Na uku. Jikar marubucin ta aiko tana son zuwa ta ɗauki hoton rumbun. Tasi'u ya amsa mata ba da sanina ba, Mika'ilu ya mare shi, wata biyar ke nan ba ku gaisawa, kuna shiga masallaci ta ƙofa daban-daban. Wannan gaba ta ƙare kafin a ɗauki gawata. Hukuncina shi ne ta zo. Laifin kakanta ba ya kanta. Furera ta sauke ta, ta ciyar da ita kamar yadda ake ciyar da baƙo a gidan nan. Amma ba za ta ɗaga na'ura ba sai an kai ta gaban Inna Hure, wadda in ban da ni ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga an kwance ƙullin kaba, ta ji daga bakinta, ta rubuta. Hure ta tsufa ƙwarai, kada ku yi jinkiri.

Na huɗu, kuma shi ya fi nauyi. Ku karanta wa baƙuwar wannan sakin, a fassara mata, kada a rage ko harafi. Baturen bai ƙago ƙaryar shi kaɗai ba. Ranar da muka binne Asama'u ya tambaye ni me ke cikin rumbu. Zuciyata na tafasa, na ce masa gero ne, Baba ya hana mu. Ban ambaci amana ba, da gangan. Shi bai bincika ba, ni kuma ban gyara ba. Na karantar da ɗalibai babin shaidar zur shekara hamsin, amma tawa shaidar zur ɗin na binne ta a cikina. Baba ya rasu bai san bakin da ya fara cin namansa ba. Idan an gyara labarin, a sa sunana a inda laifi yake, a cire na Baba.

Allah ya yi muku albarka, ya ciyar da ku halal a wannan tsananin da ake ciki. Ku riƙe zumunci, ku riƙe Furera, ku ci a akushi ɗaya. Idan kun tsaya a kan kabarina, ku fara roƙa wa kakanku rahama, sa'an nan ku roƙa mini gafarar abin da na yi masa.