Tambayar Bakin Ƙofa

Auta,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan jiki yana sauƙi, kuma ma'aikatan gidan jinyar ba su gaji da surutunka ba tukuna. Yara suna gaishe ka, babansu ma ya ce a gaishe ka.

Tunda ƙwayar nan ta kai ka inda ake karɓe waya a bakin ƙofa, ga ni na koma rubutu da biro kamar 'yar firamare. A shago nake rubuta maka. Injin kwafi ya sake cinye takardar wani malami, ina jiran ya huce, malamin ma ina jiran ya huce.

Malamar jinya ta ce kuna da kwamfuta ɗaya a ɗakin hutu, ba intanet, amma ana karɓar filashi idan sun duba shi. To ga shi cikin ambulan. Labaran masu jela na zuba maka guda uku, irin waɗanda muke karantawa tun kana ƙwace mini linzamin kwamfuta: hoto a sama, rubutu a ƙasa, dabbobi sanye da riguna suna hira kamar mutane, kai kuma kana zaɓa musu abin da za su ce.

Ka fara da na bushiya mai gyaran agogo. Ba abin da ake yi a ciki sai shan shayi da gulmar maƙwabta, zai kwantar maka da hankali. Na biyu na wata kura ce mai binciken laifi, wadda duk gari ke zargi saboda dariyarta. Ba zan ce komai a kan zomon da take aiki da shi ba, ka san dokarmu, ba a faɗin ƙarshe.

Na ukun ka bar shi sai ka gama sauran. Wani dila ne da ya yi ciwon da ke sa shi cizon na kusa da shi aka kai shi jinya kan dutse, yanzu yana hanyar komawa gidan yayarsa. Ni dai na yi kuka har yara suka taru suna kallona. Saboda kai na zaɓe shi.

Ka riƙa cin abinci. Allah ya ƙara sauƙi.

Yayarka

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Na samu saƙo, na gode, Allah ya bar zumunci. Ki gaida yara da maigidan.

Filashi ya kwana biyu a ofis kafin a ba ni. Malamar jinya ta buɗe ta ga kura da kwat da hula, ta dube ni ta dube ta, ta ce wannan ma wani ciwon ne amma ba su da maganinsa.

Bushiyarki ta kusa sa ni barci a zaune, amma na gama ta. Ta kura kam ta yi. Akwai wani da muke ɗaki ɗaya, Direba muke ce masa, babban mutum mai furfura. Da farko dariya yake mini wai ina kallon katun. Yanzu shi ke jawo kujera ya zauna bayana yana ba da umarni kamar ina tuƙa shi: “Kar ka yarda da zomon nan, dubi kunnensa.” Ashe gaskiyarsa. Ke ma ai kin riga kin karya doka da kika ambace shi, na dai yafe.

Ba zan ɓoye miki ba, jikin ba daɗi. Da safe sai na sa hannu biyu kafin in iya sarrafa linzamin. Wani lokaci in ji kamar babu abin da ya taɓa samuna, wani lokaci kuma ƙamshin ɗakin magani kawai zan ji bakina ya cika da yawu. Likita ya ce haka abin yake. Ya kuma ce idan aka ci gaba a haka, ƙarshen wata mai zuwa za a sallame ni, amma sai an rubuta sunan gidan da zan sauka. Na ba su naki.

Gobe zan fara na dilan. Sai kin ji ni.

Ƙaninki

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Lafiya kuwa? Mai kai saƙo ya je ya dawo hannu wofi har sau biyu. Na kira ofis sun ce kana nan, kana cin abinci, amma ka daina zuwa ɗakin hutu.

Idan labarin ne bai maka ba, ka faɗa mini kai tsaye, ai ba ni na rubuta shi ba. Ka kai inda yayar ta buɗe masa ƙofa kuwa? Na sake karya doka, na sani, hankalina ne ba a kwance ba.

Maganar sauka kar ta dame ka. Na shaida wa baban yara ka warke, ya ce to. Ka rubuto ko layi ɗaya ne.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa da ban girma. Ina nan lafiya, ki yi haƙuri da shirun.

Na gama na dilan. Ke sau ɗaya kike bin labari ki rufe, ba kya komawa ki ga sauran hanyoyi, tun muna yara haka kike. Shi ya sa ba ki san abin da kika aiko mini ba.

Da ya iso gida, yayar ta tsaya bayan ƙofa ba ta cire sarƙar ƙofar ba, 'ya'yanta suna leƙe ta bayan zanenta, ta ce: “Ka warke?” Amsa biyu ce a kan allo. Ɗaya “Eh”, ɗaya “Ban sani ba”. Direba yana bayana, wannan karon ni ya bar wa zaɓin. Na danna “Ban sani ba”, don ita ce amsar da nake da ita. Sai ta ce masa ya yi haƙuri, tana da yara. Ta miƙo masa abinci ta tsakanin ƙofar, ta rufe. Hoton ƙarshe shi ne yana zaune a tasha da ƙullin abincin a cinya, jelarsa a ƙasa, sunayen waɗanda suka tsara labarin suna hawa allon.

Na koma na danna “Eh”. Na ga naki ƙarshen, da tebur da fitila da yara suna hawa bayansa. Ya yi kyau ƙwarai. Shi ya fi yi mini ciwo, domin dilan ɗaya ne, ciwon ɗaya ne, abin da ya faɗa ne kawai ya bambanta.

Na san da alheri kika aiko. Amma kin ce kin shaida wa maigidan na warke, ni kuwa ban san haka ba, likita ma bai ce haka ba. A nan abu na farko da ake koya mana shi ne mu daina cewa “eh” don a bar mu mu wuce. Da shi na yaudare ku shekara da shekaru, kin fi kowa sani.

To ina tambayarki, kuma ki yi tunani kafin ki amsa. Idan na tsaya a ƙofarki na ce ban sani ba, me za ki yi? Idan amsar ba ta da daɗi ba zan riƙe ki ba. Direba ya ce ƙanensa yana da gareji da ɗaki a baya, sai dai su ofis su canja suna a takarda.

Ƙaninki

*

Auta,

Sallama. Na karanta wasiƙarka a tsaye, na bar mutane a layi har mai shagon ya yi magana.

Da aka tashi na buɗe labarin a kwamfutar shago na bi shi har ƙofar. Wallahi ban ma tuna akwai amsa ta biyu ba. Lokacin da na karanta, hannuna ne ya danna “Eh” da kansa, ko kallon ɗayar ban yi ba. Yau na danna taka. Na ji haushin yayar nan kamar in shiga allon in fizge sarƙar. Ina cikin jin haushin sai na tuna ƙaramar 'yata ta fara buɗe durowa tana sa komai a baki, sai na ga na fahimci yayar, kuma wannan ya fi tsorata ni.

Ba zan ba ka amsa yau ba, don idan na ba ka, wata “eh” ɗin ce irin tawa. Gidan ba nawa ni kaɗai ba ne. Zan zaunar da baban yara in gaya masa yadda ka faɗa, ba ragi. Ka san shi, bai da faɗa, amma idan ya ce a'a ya gama.

Kar ka bari a taɓa takardar nan sai ka ji daga gare ni. Ka gaida Direba, ka ce na gode, amma ya dakata da garejinsa.

Yayarka

*

Auta,

Gaisuwa. Na gaya masa. Ya ce da ka ce ka warke da bai yarda ba, tun can ma bai yarda da ni ba. Bai ce eh ba, bai ce a'a ba, amma jiya na tarar ya kwashe kayan aikinsa daga ƙaramin ɗaki.

Akwatin magani kuwa ni na sa masa kwaɗo, makullin yana wuyana. Za ka gani ranar da ka shigo, gara ka ji daga bakina. Kar ka ji haushi. Ni ma ban sani ba, Auta.

Ka bar sunana a takardar. Ni zan zo ɗaukarka.

Yayarka