Inda Samba Ya Zauna

Maraɗi, 1963

Zuwa ga yayana Na'Allah,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan iyali lafiya. Game da shagunan da Baba ya bar mana a kasuwar Dakoro: da na zo hutu na ƙirga masu wucewa gaban kowanne, na auna nisansa da ƙofar kara, inda ake cinikin dabbobi. Haka muke yi a buro, ofishin da nake aiki. Lissafi ya nuna shagon bakin ƙofa ya fi samun jama'a, don haka a ninka hayarsa. Tsoho Samba mai kanwa da igiya ba zai iya biya ba, a maida shi na ƙurya mai araha. Alhaji Rabo mai atamfa zai karɓi na ƙofa.

Ƙaninka, Cindo

Cindo,

Muna lafiya, alhamdu lillahi. Wato zaman da ka yi bisa tabarmata kana ta zane-zane, abin da kake ƙullawa ke nan? Samba abokin Baba ne, shi ya riƙe ragon sunanka. Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma rabin gadon naka ne, kai ka sa kwanon rufi, kullum sai ka tuna mini. Na gaya wa Samba. Ya naɗe igiyoyinsa ya koma ƙurya, kusa da masu jima, inda wari ke korar ko kare.

Ka gaida matarka. Na'Allah

Cindo,

Gaisuwa. To malamin lissafi, saurara. Ka san jandarma ba su bari makiyayi ya shiga kasuwa da takobi ko sanda. Tun zamanin Baba, wurin Samba Fulani da Buzaye ke ajiye nasu, ba su yarda da kowa ba sai shi. Can suke shan shayi, can suke jin wa ya sauka a wace rijiya. Yanzu duk sun bi shi ƙurya, wari ko a jikinsu. Mai shayi ya bi su, mai tsire ma. Alhajinka na zaune bakin ƙofa yana korar ƙuda, kullum yana ƙofar gidana wai na cuce shi. Na gaji. A maida kowa wurinsa.

Na'Allah

Yaya,

Bayan gaisuwa da ban girma. Kada ka damu, lissafin bai yi kuskure ba, jama'a ce ta canza wuri. Na sake bugawa. Yanzu shagon ƙurya ne mai daraja, shi za a ninka, a ba Alhaji Rabo. Samba ya dawo na ƙofa, tunda ya yi araha. Ka ga kowa ya samu.

Ƙaninka mai biyayya, Cindo

Cindo,

Na kai saƙonka, kunya kamar in nutse. Samba ya ce shi ba akuya ba ne da za a riƙa canza wa turke. Ya miƙo mini makulli, ya ce in gaida ɗan abokinsa.

Yana gindin aduwar nan ta bayan kara, takubba jingine da itacen, kasuwa duk ta koma can. Alhaji Rabo ya kwashe atamfarsa ya hau kamiyo, babbar motar Maraɗi. Shagunan Baba a rufe suke.

Kai da ka iya bugawa, buga mini hayar aduwa, ka gaya mini wa zan karɓa wurinsa.

Wassalam. Na'Allah