Sunan Inna Nagode

Talata Mafara, Lahadi

Zuwa ga Yaya Lailatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Tunda an rufe layin waya, na ba direban Maradun wannan takarda.

Husna ta sauka jiya, an samu mace. Ina son in mayar da sunan Inna, Allah Ya ji ƙanta. Sai da na tashi zuwa wurin liman na gane ashe ban san sunan ba. Nagode muka tashi muna ji, Nagode ke jikin katin zaɓenta. Kunya ta kama ni ƙwarai. Suna ranar Asabar ne, ki taimake ni.

Ƙanenki,
Zubairu

Maradun, Laraba

Malam Zubairu,

Barka, barka! Allah shi raya. Ina gajiya, ina mai jego?

Kai da ke koya ma ɗiyan mutane tarihi ba ka san sunan uwarka ba? To ni ma ban sani ba, sai mu ji kunyar tare. Sunan kakarta anka sa mata, shi ya sa duk gidan anka sakaya shi. Limamin da ya raɗa ya daɗe da rasuwa, ƙauyen kuwa yana ƙarƙashin ruwan Bakolori tun Inna tana budurwa.

Na hau mashin har Kaya wurin Gwaggo Taibatu, matar baffan Inna. Ita kaɗai ta rage cikin waɗanda sunka ci tuwon sunan nan. Ta ce, "Sunan surukata ne, ɗiyata. Tun ina amarya ban taɓa kama shi ba, sai yanzu da ƙafata guda ke kabari?" Ta ja zane ta rufe fuska.

Raina ya ɓaci, na ce, "To Gwaggo, ran da kinka tafi shi ma ya bi ƙauyen cikin ruwa." Ina rufe baki na yi nadama. Can sai ta ce a nemo mata takalminta.

Za ni sa ta mota ranar Juma'a. Ni jinyar maigida ta riƙe ni. Ko za ta faɗa, ban sani ba.

A gaida Husna.
Yayarka, Lailatu

Talata Mafara, Asabar

Yaya,

Ina gaisuwa, Allah Ya ba maigida lafiya.

An raɗa suna. Gwaggo ta sa aka kira liman bakin zaure, ta juya mana baya, ta faɗa masa a kunne. Da ya faɗa cikin mutane, hawaye suka zubo mini, ban iya ɓoyewa ba.

Kafin azahar Gwaggo ta hana kowa kama sunan. Nagode ake kiran yarinyar.

Na ɗauki biro in rubuta miki, hannuna ya ƙi. Sunan uwata ne. Ki zo, liman zai gaya miki.

Ki huta lafiya,
Zubairu